Nasarun da ke kwana bisa jirgi a gaɓar Bahar Maliya: ci-rani ne ko neman wahala?

Mai Shayin Zango: Salama alekum jama'a. Ina mai garejin Karkada? Hoton nan da ka ɗora jiya kana tsaye bisa wani ƙaramin jirgin ruwa, bayanka duwatsu da rairayi kamar hanyar Tanut, har ga raƙumi can nesa. Wallahi yara sun yi ta gardama a teburina, wasu na cewa haɗi ne na waya. Ka fito ka yi bayani.

Mai Gareji: Wa alekumus salam. Ba haɗi ba ne ƙanena, hoton gaske ne, na 2019. Lokacin na je Bur Sudan wajen kawuna, ka san akwai Hausawa da yawa can tun zamanin masu tafiya Makka a ƙasa. Ina taya shi aikin injinan gazwal, wata rana aka zo daga Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa da ke kudu da garin, ana neman wanda ya iya inji kuma yana jin Faransanci, don wani tsoho da matarsa injin jirginsu ya ƙi tashi kuma babu mai gane abin da suke faɗi. To Faransancin lakkwal ya yi rana. Na gyara musu, iska ce ta shiga tiyon mai, ba wani abu ba. Tsohon ya ce bayansa na ciwo ba ya iya jan anga, ko zan raka su zuwa arewa. Sati biyar na yi da su, na sauka a Muhammad Kol na dawo a mota.

Bafillacen Tudun Jamus: Hhhh Babarbare bisa teku! Kai da ko tafkin Gidimuni aka kai ka sai ka riƙe rigar mutum. Faɗi gaskiya, sau nawa ka yi amai?

Mai Gareji: Kwana uku na farko ban san inda kaina yake ba, wannan ba zan ɓoye ba. Amma na tashi. Kai da za a kai ka sai ka tambaya ina za a ɗaure saniya.

Hajiyar Garin Malam: Ni tsaya in gane. Wai a cikin jirgin suke zaune, ba su da gida? Ko yawon hutu ne na wata ɗaya su koma?

Mai Gareji: Hajiya shi ne gidan nasu gaba ɗaya. Shekararsu bakwai a ciki lokacin da na same su. Tsawonsa mita 12, faɗinsa bai kai mita 4 ba, in kin sauka ƙasa akwai ɗan ɗaki gaba ɗan ɗaki baya, wurin girki da murhun gas mai lilo don kada tukunya ta kife, da ban-ɗaki wanda in kin shiga ba ki iya miƙa hannu. Iska ce ke tura shi da manyan ƙyallaye biyu da ake ja bisa dogon ƙarfe, injin na shiga tasha ne da ranar da iska ta mutu. Gudunsa kamar kilomita 9 a awa, wato daga nan zuwa Mirya awa biyu. Mai keke zai wuce su yana gaishe su.

Hajiyar Garin Malam: Innalillahi. Mace da shekarunta tana kwana a akurki. Ina 'ya'yansu?

Mai Gareji: Suna Faransa, sun yi aure. Takan tafi ganin jikoki in zafi ya shigo.

Mushen Lakkwal: Bari in sa baki, don abin yana da tsari, ba yawo ne na ganin dama ba. Bahar Maliya tsawonta ya haura kilomita 2,000, daga Babul Mandab har Suwez, kuma iskarta kashi biyu ce. A kudu, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu, iska daga kudu take busowa, tana tura mai zuwa arewa. Amma daga wajen Bur Sudan zuwa sama iskar arewa ce kusan duk shekara, tana bugun goshin jirgi. Shi ya sa masu fitowa daga Tailan da Indiya suke tsallako tekun Indiya a Janairu da Fabrairu, su bi ta Jibuti, su yi ta lallaɓawa a gaɓar Sudan da Masar a Maris da Afrilu don su shiga mashigin Suwez su iske bazarar Turai. Wanda ya makara zafi ya kama shi.

Mai Gareji: Mushe kamar kana wurin. Abin da ya fi ba ni mamaki kenan, mutanen nan ba su da ranar tafiya, iska ce ke ba su izini. A gaɓar Sudan akwai wasu lunguna da ruwa ya shiga cikin hamada, can suna ce musu marsa, ƙofar siririya tsakanin dutsen murjani, ciki kuma lumui kamar randa. Da asuba muke fita kafin iska ta farka, mu yi kilomita 40 ko 50, kamar nan da Takeita, kafin azahar mun shige wata marsar. Kuma dole a shiga da rana tana sama, don da ido ake ganin hanya, ni ake sawa a goshin jirgi ina kallon launin ruwa, in shuɗi ne mai duhu akwai zurfi, in ya koma ruwan ƙasa-ƙasa to dutse ne, in ɗaga hannu tsohon ya karkata. In rana ta sunkuya tana haska ido ba ka ganin komai sai ka ji ƙarrr a ƙasan jirgi. A Marsa Shinab iskar arewa ta tsare mu kwana tara cur, ba gari ba rezo ba kowa, ƙura ta rufe komai har cikin shinkafa.

Ɗan Kasuwar Dole: Ni fa duk wannan bai burge ni ba. Mutum ya ƙoshi ne ya rasa abin yi da kuɗi. 'Yan uwanmu nawa suka bi ta Agadas suka shiga kwale-kwalen roba a Libiya ruwa ya cinye su, su saboda yunwa, waɗannan kuwa sun bar gida mai famfo da wuta sun zo suna wasa da teku, kuma duk tashar da suka je a buga musu hatimi a ce sannu da zuwa. Fasfo ne kawai ya raba.

Mai Shayin Zango: Wannan magana ta yi nauyi amma gaskiya ce.

Mai Gareji: Maganar fasfo ban musa maka ba Alhaji, ni kaina abin da ya sa na sauka kafin iyakar Masar kenan, su an san za a bar su su shiga, ni ba ni da biza. Ranar na ji abin a raina ƙwarai. Amma batun ƙoshi, ba duka ba. Akwai masu kuɗin gaske, na ga jiragensu a Sawakin kamar otal. Tsohon nan nawa kuwa direban jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, gidansu suka saida suka sayi jirgin kwance, ya ce min Yuro dubu 60, in ka buga da 656 ya kusa miliyan 40 na sefa. Kuɗi ne, amma a Damagaram ɗin nan akwai masu gidan da ya fi haka. Daga nan sai fansho. Matar da hannunta take ɗinke ƙyallen in ya yage, shi kuma rabin ransa yana cikin ramin inji da sufana. Ban taɓa ganin mai kuɗin da ke wanke faranti da ruwan gishiri ba.

Ɗan Kasuwar Dole: To ai ka ƙara ba ni gaskiya, ya saida gida ya sayi wahala. Gida daraja yake ƙarawa, jirgi tsatsa yake.

Mai Gareji: Shi ma ya san haka, yakan faɗa da bakinsa.

Hajiyar Garin Malam: Ka ce ruwan gishiri, to ruwan sha fa? Ni nan ne hankalina yake, don yau kwana huɗu famfonmu ko ɗigo.

Mai Gareji: Hajiya nan ne labarin yake. Ni da na baro Damagaram na ce ai na huta da lissafin ruwa tunda ga shi iya ganin ido, ashe na je makarantarsa ne. Tankinsu lita 400 yake ci, bido 16 kenan na lita 25, kuma shi ne sha shi ne girki har sai an sake samun gari. Safiyar farko na cika buta fal daga famfon jirgi na yi alwala yadda na saba, na zubar da saura na sake cikawa na wanke ƙafa da kyau. Ina ɗagowa na ga matar tsaye tana kallona da ɗan littafi a hannu, ba ta yi faɗa ba, kawai ta buɗe ta nuna min, kowace rana an rubuta lita nawa aka ci, jiya 11, shekaranjiya 9, mutum biyu fa. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Ni ɗan garin da ake tashi ƙarfe biyu na dare a jera bido, nasara ce ke koya min tattalin ruwa. Wanka kuwa sai ka yi da na teku sannan ka ɗauraye da kwalba ɗaya ta mai daɗi, an huda murfinta da ƙusa.

Hajiyar Garin Malam: Kwalba ɗaya! Ashe mu sarakai ne.

Mushen Lakkwal: Kuma ruwan Bahar Maliya ya fi na sauran tekuna gishiri, wajen giram 40 a lita, alhali babbar teku 35 ce. Dalili, babu kogi ko ɗaya mai gudana duk shekara da ke zuba cikinta, ruwan sama kaɗan, rana kuma tana ta ƙafar da shi. Amma yaya, ba su da injin tace gishiri? Yawancinsu yanzu suna da shi.

Mai Gareji: Suna da shi, ɗan ƙarami, yana matsa ruwan teku da ƙarfi ta cikin wata mataciya sai mai daɗi ya fito siriri kamar fitsarin yaro. Amma yana cin batir, batir kuma sai fanon sola, fanon kuma ƙura ta rufe shi kullum sai an goge. Kuma a sati na biyu robar famfonsa ta tsage, na yi dabara da tayar babur ya yi kwana shida ya sake mutuwa. Daga nan muka koma bido. A Sawakin ma ai da jaki ake kawo ruwa, amalanke da tanki, sak 'yan garuwarmu, har na ji kamar ina gida.

Ɗalibin Jami'a: Gaskiya Bur Sudan suna fama. Madatsar Arba'at da garin ya dogara da ita ta fashe a Agustan 2024.

Mai Gareji: Na ji, kawuna ya yi min bokal lokacin. Allah ya kawo musu sauƙi. Bari in ƙarasa muku na Shinab. Rana ta biyar da tsarewarmu sai ga wani mutum bisa raƙumi ya tsaya bakin ruwa, irin mutanen Bija masu tulin gashi, siriri kamar Buzu, yana ɗaga salka. Na shiga ƙaramin kwale-kwale na same shi, Larabcina guntu nasa ma guntu, amma salka busasshiya ba ta buƙatar tafinta. Na dawo na faɗa, ina tunanin matar nan mai littafi za ta ce a'a, saura bido biyar muke da shi kuma ba mu san ranar da iska za ta kwanta ba. Ta duba littafin, ta duba mijin, ta ce a ba shi guda. Mutumin ya hura wuta a rairayi ya soya kofi a gwangwani ya daka da citta ya dafa mana a 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya, jabana suke ce mata. Raƙumin da kuke gani a hoton nasa ne. Da dare na leƙa littafin, ta rubuta 25 ta ja layi, ba ta ƙara komai ba.

Bafillacen Tudun Jamus: To wannan matar Bafillata ce ba ta sani ba. Wasa a gefe, ni na gane mutanen nan sarai. Mu ma ai damina in ta sauka mu yi arewa har In Gal shanu su lashi gishiri, kaka mu gangaro, ba don mun rasa inda za mu kafa bukka ba. Buzaye kuma ayarin Bilma ba sa tashi sai zafi ya karye. Wanda ya zauna wuri guda shi ke ganin mai tafiya mahaukaci ne.

Ɗan Kasuwar Dole: Kai kana bin ciyawa ne don nono, ayari na bin gishiri da dabino don riba. Su me suke bi? Me suke kawowa kasuwa?

Bafillacen Tudun Jamus: Alhaji komai sai an kai Dole an auna a tiya?

Malam na Birni: Assalamu alaikum. Ina bin zancen tun ɗazu. Mai gareji, da ka tambaya kafin ka tafi da ba ka ji kunyar butar nan ba. An tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, daidai wannan matsala, masu shiga teku da ɗan ruwa kaɗan, in sun yi alwala da shi ƙishi ya kama su, ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa. Amma ina son in ji yadda ka yi da alƙibla.

Mai Gareji: Allah ya gafarta Malam, daga baya wani masunci ya gaya min, na koma guga da igiya. Alƙibla kuwa abin dariya, jirgi in yana kan anga juyawa yake da iska, ka kabbarta kana kallon gabas kafin ka kai ruku'u kana kallon duwatsu. Akwai kamfas babba gaban matuƙi, da shi nake dubawa. A Sawakin Makka tana gabas maso arewa, a Shinab kuwa gabas sak, tsallaken ruwa kawai.

Malam na Birni: Madalla. A mazhabarmu in jirgi ya juya kai ma ka juya ka bi alƙibla matuƙar da hali, in babu hali ka ci gaba. Kuma kwana taran nan, in da kun yi niyyar zaman kwana huɗu da ka cika salla, amma mai jiran iska kullum yana cewa gobe, hukuncin matafiyi yake. Sannan Alhajin Dole, kada ka manta kakanninmu. Kakana da ƙafa ya tafi, ta Barno da Wadai da Darfur, yana noma a hanya yana tara guzuri, kuma a Sawakin ɗin nan ya shiga jirgin katako mai ƙyalle zuwa Jidda. Ya ce sun yi kwanaki a bakin ruwa suna jiran iska. Shekara shida kafin ya dawo Birni.

Ɗan Kasuwar Dole: Malam wannan ai ibada ce, ba za a haɗa ba.

Malam na Birni: Ban haɗa niyya ba, hanyar na ce ɗaya ce.

Mushen Lakkwal: Sambuk ake ce wa jiragen, kuma tsallaken bai wuce kilomita 300 da 'yan kai ba. Sawakin kanta da dutsen murjani aka gina ta bisa tsibiri, Turawan Ingila suka buɗe Bur Sudan a farkon ƙarni na 20 saboda manyan jirage, daga nan ta fara mutuwa. Yaya har yanzu akwai gine-ginen?

Mai Gareji: Kangaye ne yawanci, sai maguna da shirwa, an dai gyara masallatai da wasu kaɗan. A gindin kangayen muke da anga. Na kan zauna da magariba in ce wataƙila nan wani ɗan unguwarmu ya zauna shekara ɗari da ta wuce. Tsohon kuma shi hankalinsa na wajen Sha'ab Rumi, inda Kwamanda Kusto, Bafaranshen nan mai binciken teku, ya kafa ɗakuna ƙarƙashin ruwa a 1963 mutane suka yi wata guda ciki, sai da muka je ya nutsa ya gani. Ni na tsaya gadin jirgi, ban haukace ba.

Ɗalibin Jami'a: Ni a YouTube na fi ganin na Meksiko, wani dogon zirin teku tsakanin Baha Kaliforniya da babbar ƙasa, shi ma hamada ce har bakin ruwa. Can guguwa ce ke yanka musu shekara, lokacinta daga 15 ga Mayu zuwa 30 ga Nuwamba. Wajen farkon Nuwamba sai su taso ayari guda daga San Diyego su gangaro, su ci sanyi a La Paz, in zafi ya zo wasu su fid da jirgin bisa tudu a Guwaimas su koma gida, wasu su gudu can arewa su laɓe. A Satumban 2014 guguwar Odile ta nutsar da jirage a La Paz har da rasa rai.

Bafillacen Tudun Jamus: Ka ji ko, har ayari suke yi da madugu.

Hajiyar Garin Malam: Ni tambayata, in ɗayansu ya faɗi ciwo a wannan lungu fa? Ko mijin ya cika da dare?

Mai Gareji: Na yi mata wannan tambayar Hajiya. Tana da akwatin magani babba da wata waya mai aiki da tauraron ɗan adam, kuma ta iya tuƙi da karatun taswira fiye da shi ma. Amma ta ce in abin ya zo ya zo. Abin da ya fi damuna ni ba wannan ba ne, shirun ne. Ba kiran salla, ba kukan yaro, ba maƙwabcin da zai leƙo ya ce ina kwana. In wani jirgi ya shigo marsar sai murna kamar salla, a yi ta kira a rediyo, a haɗu da yamma kowa ya kawo abin da yake da shi, wannan albasa wancan gwangwanin tumatir, a yi musayar labarin iska da inda ake samun gazwal, gobe kowa ya kama gabansa wataƙila har abada. Ni sati biyar ya ishe ni, ranar da na sauka ƙasa tana ta lilo da ni har kwana biyu.

Mai Shayin Zango: Yanzu suna ina?

Mai Gareji: Saƙon ƙarshe daga Girka ne, 2021, sun ce bayan tsohon ya matsa suna neman mai sayen jirgin. Hanyar ma yanzu ta lalace, yaƙin Sudan tun Afrilun 2023, ga harin jirage da aka fara ta wajen Yaman a ƙarshen shekarar, masu bi sun ragu, wasu sai su zagaya ta Afirka ta Kudu.

Ɗan Kasuwar Dole: Ka gani, ƙarshenta dai tudu. Nawa za su saida shi, in ji asarar?

Mai Gareji: Ban tambaya ba Alhaji. In kana so in nemo maka lambarsu, sai mu ɗoro shi bisa tirela a kai Gidimuni.

Hajiyar Garin Malam: Jama'a ku yi haƙuri, yarinya ta ce famfo ya fara tari, bari in je kafin ya ɗauke. Mai gareji littafin nan na matar, layi-layi take yi ko kowace rana shafinta? Ka turo min yadda yake in na dawo.